Baƙon Yini Ɗaya da Kanon da Ba a Nuna Masa

Akwai wani nau'in rubutu da manazarta ba su cika waiwaya ba, ko da yake masu karanta shi sun fi na littattafan adabi da dama yawa, wato jerin wuraren da ake tsara wa baƙo ya ziyarta a birni cikin yini ɗaya. Ana samunsa a littattafan jagorar matafiya na Faransanci da Ingilishi, da takardun hukumomin yawon buɗe ido, ana kuma jin sa a bakin direban da ya saba ɗaukar baƙi. Shi ne malamai kan bi idan suka fita da ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi, shi ne kuma ƙungiyoyin raya al'adu kan kwafa idan za su kai wa takwarorinsu ziyara a ƙetaren iyaka. A ido jeri ne kawai na sunaye da lokuta. Amma duk wanda ya tsara shi ya yi aikin marubuci: ya zaɓi mafari, ya zaɓi inda za a daɗe, ya zaɓi inda mota za ta wuce ba tsayawa. Don haka ya cancanci a ɗora shi a faifan nazari kamar kowane ƙagaggen labari, a tambaye shi wa ya sa a gaba, wa kuma ya bari a waje.

Na birnin Kano sananne ne, kuma da wuya ya sauya. Da sanyin safiya a hau Dutsen Dala, a ji labarin Barbushe da Tsumburbura, a hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci. A sauko a shiga Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga nan sai ƙofar Gidan Rumfa, sai Gidan Makama da aka mayar gidan tarihi, sai marinar Ƙofar Mata, inda allon bakin ƙofa ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. In da sauran rana, a leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, a tsaya a ɗauki hoto a jikin abin da ya rage na badala. Wanda ya dace da lokacin salla ya ga hawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024.

Ba za a raina wannan tsari ba. Yana da kan gado, domin yana farawa daga sama, inda ido ke ɗaukar birni gaba ɗaya, sa'an nan ya gangaro da baƙo cikin lunguna, ya kai shi gaban mutanen da hannuwansu suka rine da baba. Yaron da ya taso a Tanda ko Gaya, wanda bai taɓa ganin ginin ƙasa mai shekara ɗari biyar ba, zai koma gida da abin da darasin aji ba zai ba shi ba. Aibin tsarin yana wurin da labarinsa ya tsaya. Kusan duk abin da aka nuna ya girmi shekarar 1903, lokacin da sojojin Ingila suka fasa ganuwa. Abin da ya biyo baya, in ban da gidan Bature ɗaya da wasu hotuna a jikin bango, an bar shi ga gilashin mota. Baƙo zai fita da tunanin cewa Kano ta yi sarakuna, ta yi fatake da marina, sa'an nan ta yi tsalle ta faɗo cikin zamanin gadojin sama da A Daidaita Sahu. Ƙarni guda cur ya ɓace a tsakani, kuma shi ne ƙarnin jirgin ƙasa da gyaɗa da masana'antu.

Kafin a shiga dalilin wannan giɓi, yana da amfani a dubi yadda wasu birane da suka ci irin wannan tuwo suke tsara nasu yinin. A Amurka akwai yankin da ake wa laƙabi da ɗamarar tsatsa, saboda masana'antun da suka mutu suka bar ƙarafa suna ruɓewa. Birnin Fitsbag na jihar Fensilbaniya shi ne uban tafiya a wurin. A nan kogunan Alegeni da Monongahela suka haɗu suka zama Ohayo, a nan kuma aka narka ƙarfen da ya gina gadoji da dogayen benaye na ƙasar. Hayaƙi ya taɓa yin yawan da a shekarun 1940 akan kunna fitilun titi da rana tsaka. A 1950 mazaunan birnin sun kusa dubu 677. A ƙidayar 2020 ba su fi dubu 303 ba. A farkon 1983, lokacin da masana'antun ƙarfe ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, rashin aikin yi a yankin ya haura kashi 17 cikin 100.

Abin lura shi ne yadda yinin baƙo a Fitsbag ya yi kama da na Kano a siffa. Shi ma daga sama yake farawa: ana hawa tudun Washintan a cikin wani ƙaramin tarago da igiyar ƙarfe ke ja, wanda aka gina a 1877 domin mazauna tudun, yawancinsu ma'aikata, su riƙa sauka wurin aiki. Shi ma yana gangarowa kasuwa, a tsohuwar unguwar sito-sito da dillalan kayan gwari, wadda yanzu ta cika da gidajen abinci. Akwai gidan tarihin mai zane Andy Warhol, ɗan birnin, da aka buɗe a 1994. Amma daga nan hanya ta rabu da ta Kano, domin ana iya ɗaukar baƙo a bi da shi gefen kogi zuwa tanderun narkar da ƙarfe na Keri, guda biyu da aka gina a 1907, aka kashe wutarsu a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma ayyana su wurin tarihi na ƙasa a 2006. Ba a yi musu fenti ba. Cikin masu yi wa baƙi jagora an samu tsofaffin ma'aikatan ƙarfe, waɗanda ke iya nuna inda mutum ke tsayawa idan narkakken ƙarfe zai kwararo, da irin ƙunar da yake bari a fata. A tsallaken kogin kuma akwai Homsted, inda a watan Yulin 1892 aka yi artabu tsakanin ma'aikatan kamfanin Carnegie masu yajin aiki da ƴan bindigar haya da Henry Clay Frick ya ɗauko, aka rasa rayuka kusan goma. Ɗakin famfon ruwa da aka yi faɗan a gindinsa yana nan, ana kai ɗalibai.

Ga wanda ke tunanin Kano, birnin Lowel na jihar Masacusets ya fi kusa, domin shi garin saƙa ne. An kafa shi a shekarun 1820 a bakin kogin Merimak, ƴan mata daga ƙauyuka suka cika masaƙunsa, daga baya baƙin haure suka gaje su. Masaƙun suka yi ƙaura zuwa kudancin ƙasar inda ƙwadago ya fi araha, manyan da suka rage suka rufe a shekarun 1950. A 1978 gwamnatin tarayya ta mayar da tsakiyar garin wurin tarihi. A masaƙar Boott an jera injinan saƙa 88 a ɗaki guda, ana kuma tayar da wasunsu a gaban baƙi, har sai an ba mutum abin toshe kunne. Wannan dabara ta fi dogon bayani a jikin allo, domin wanda ya tsaya minti biyar cikin wannan ƙara ya fahimci abin da sa'a goma sha biyu take nufi.

Sai dai ba duk abin da ke ƙyalli a wannan tsari na Amurka ba ne zinariya, kuma mai son kwaikwayo ya kamata ya san inda ramin yake. Babbar masana'antar Homsted ta rufe a 1986, aka rushe ta, a 1999 aka buɗe rukunin kantuna da gidan sinima a filinta. An bar bututun hayaƙi goma sha biyu a tsaye a gefen wurin ajiye motoci. Ga mai sayayya ado ne. Ga wanda ya yi shekara talatin a ƙarƙashinsu kuwa, alamar kabari ce da aka kafa a bakin kanti. A saman dogon benen kamfanin U.S. Steel, sunan da ke haskawa da dare tun 2008 na rukunin asibitocin UPMC ne. Masanin tarihi Gabriel Winant, a littafin da ya fitar a 2021, ya nuna abin da wannan sauyin suna ya ƙunsa: aikin ƙarfe mai ƙungiyar ƙwadago da albashi mai kauri ya tafi, aikin jinya mai ƙaramin albashi ya maye gurbinsa, kuma galibi mata ne ke yinsa, da yawansu baƙar fata, suna jinyar tsofaffin da masana'anta ta tsotse ta yar. Garin Baradok, wanda ke kusa da tanderun da ake kai baƙi, ya taɓa ɗaukar mutum dubu 20, a 2020 bai kai dubu 2 ba. Takardar yini ɗaya ba ta cika tsayar da mota a can ba. Kalmar farfaɗowa, wadda irin waɗannan takardu ke yawan so, tana magana ne a kan gine-gine da kuɗin haya. Ba lalle ne ta haɗa da mutanen da suka suma ba.

A Ditroyit, birnin motoci, abin ya ɗauki wani salo. Kafin hukumar birnin ta bayyana karayar arziki a 2013, masu ɗaukar hoto sun yi ta tururuwa suna ɗaukar kangaye. Mafi shahara shi ne kundin Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, na 2010. Hotunan suna da kyau ƙwarai, kuma kyan nasu shi ne abin da mazauna birnin suka yi ƙorafi a kai, domin an nuna rufin da ya rufta da agogon da ya narke, an kauce wa mutum fiye da dubu 600 da ke kwana suna tashi a garin. Babbar tashar jirgin ƙasa da ta zama tambarin wannan lalacewa, wadda aka rufe a 1988, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya sake buɗe ta a 2024. Yanzu ita ce tambarin farfaɗowa. Gini ɗaya ya yi wa labari biyu hidima, kuma a duka biyun ginin ne jarumi.

Duk da wannan, Amurkawa sun yi abu guda da ya wuce gardama: sun yarda cewa ma'aikacin masana'anta yana cikin tarihi, sun ba shi ƙofa a jerin ziyara. A Kano ba shi da ita, alhali labarin da za a ba da bai gaza nasu ba.

Tun a marinar Ƙofar Mata ake fara tauye shi. Ana gabatar da rini a matsayin sana'ar gargajiya, ƴar abin sha'awa da ta tsira daga zamanin da. Amma abin da Heinrich Barth ya tarar a 1851 ya fi ƙarfin wannan suna. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, suna isa Tambutu da Gat da Tarabulus. Binciken Philip Shea na shekarun 1970 ya nuna cewa harka ce mai jari da rabon aiki, mai haɗa manomin auduga da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da dillali, kuma garuruwa irin su Kura sun rayu a kan rawunan da Buzaye ke saye. Wani kaso na audugar da baban ya fito ne daga rinji, inda bayi ke noma, kamar yadda audugar Lowel ta fito daga gonakin bayi na kudancin Amurka. A Lowel ana faɗa wa baƙo wannan. A bakin karofi kuwa, abin da yake ji shi ne yawan kwanakin da baba ke yi kafin ya nuna, da farashin gyale.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin ga ƴan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga domin masaƙun Mancesta, manoma da fatake suka ba su gyaɗa, domin ita ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Daga nan aka samu attajirai irin su Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, aka kuma samu dalar gyaɗa, mai suna ɗaya da dutsen da baƙo ke hawa da safe. Wannan tarihi bai tsaya a kan iyaka ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bi ta Kano zuwa Ikko, har zuwa shekarun 1950, lokacin da Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle domin karkatar da ita ta Doso da Gaya zuwa tashar jirgin Faraku, daga can zuwa Kwatano. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar, kuɗin man fetur ya sa ba a damu da sake gina ta ba. Ƴan dakon da suka riƙa hawa da buhu a ka har ƙololuwa suna cikin kowane hoto, amma da wuya a ji sunan ko ɗaya daga cikinsu.

A kan wannan jari aka gina Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. An yi matatun man gyaɗa da majemu, da kamfanonin alewa da sabulu da tasoshi da robobi. An haɗa keken Raleigh. An kafa masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya da kuɗin ƴan kasuwar gari. Paul Lubeck, wanda ya zauna da ma'aikatan Kano a shekarun 1970 ya fitar da littafinsa a 1986, ya tarar da abin da ya kamata ya ja hankalin duk malamin Hausa: da yawa daga cikin leburorin nan ƴan cirani ne da tsofaffin almajirai, waɗanda suka bar allo suka kama inji. Sun yi jayayya da masu kamfani a kan lokacin salla kamar yadda suka yi a kan albashi. A 1971, da wasu kamfanoni suka ƙi biyan ƙarin da kwamitin Adebo ya yanke, ma'aikata suka fito daga masana'anta zuwa masana'anta suna kiran ƴan uwansu. Wannan shi ne Homsted ɗin Kano, kuma babu wanda ke tsayar da motar ɗalibai a Bompai domin ya ba da labarinsa.

Faɗuwar ta zo a hankali. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, baƙin mai na tukunyar masana'anta ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, da aka mayar da shi daga baya kuma, ƙofar baya ta riga ta saba buɗuwa. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957 a zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin kuɗin sallama, da dama suka mutu ba su karɓa ba. Na Kano ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Kantin Kwari bai daina cika ba. Atamfar da ke cikinsa ce ta sauya mahaifa, ta koma zuwa daga Sin.

A nan ne maganar ta iso bakin kogin Kwara, kuma a nan ne ta fi nauyi ga mai karatu na wannan yanki. Yadin da ya cika Kwari bai faɗo daga sama ba. Kaso mai yawa ya sauka a tashar ruwan Kwatano ko Lome da sunan kayan Nijar, ya haye gadar Malanbil, ya kwana a mangazun Gaya ko Birnin Ƙonni ko Maraɗi, ya biya harajin sake fitarwa a hannun duwan, sa'an nan ya tsallaka Najeriya ta hanyoyin da kowa ya sani. Emmanuel Grégoire ya bayyana yadda alhazan Maraɗi suka bunƙasa a kan wannan harka a littafinsa na 1986. Olivier Walther ya yi irin wannan aiki a kan Gaya da Malanbil da Kamba a 2008, inda ya nuna yadda gwanjo da yadi suka mayar da ƙaramin gari matattarar manyan ƴan kasuwa. A bisa doka, a ɓangaren Nijar, ciniki ne halal mai rasit. Ya gina benaye, ya ciyar da ƴan dako da direbobi da masu abinci, ya cika baitulmali. Shi ne kuma ya taimaka wajen kashe injin da ɗan Bichi ko ɗan Tasawa ke tsaye a gabansa a Sharaɗa. Nijar ma ba ta tsira ba, domin masaƙar Yamai, wadda ta yi suna SONITEXTIL kafin ta koma ENITEX, ta sha irin wannan dukan, haka ma majemar SONITAN ta Maraɗi. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma aka datse gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, garin ya ɗanɗani abin da ake ji idan abin da ake ci da shi ya tsaya cak. Ɗalibin Gaya da aka kai shi Kano aka nuna masa karofi kaɗai, an ɓoye masa wurin da tarihin gidansu ya haɗu da na birnin.

To me ya sa jerin ziyara ya tsallake duk wannan? Wani ɓangare gado ne daga idon baƙo. Matafiyin Turai ya zo neman abin da babu a garinsu, kuma bututun hayaƙi ba ya cikinsu; masu masauki suka koyi nuna masa abin da yake so, har suka riƙa nuna wa ƴaƴansu shi. Wani ɓangaren kuma daga gida yake. Tarihin Kano, tun daga tsohon kundin sarakunanta har zuwa Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, an saba jera shi ne bisa zamanin masu mulki, kuma lebura ba ya da gurbi a irin wannan jeri, sai dai a ce an yi gayya an gina ganuwa. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan ɗaci, wato miki bai warke ba. A Lowel an yi shekara ashirin da rufe masaƙu kafin a buɗe gidan tarihi. A Kano da Kaduna akwai bashi da shari'a da filaye masu tsada da ido ke kai, kuma wanda bai biya ma'aikaci hakkinsa ba ba zai so a kafa allo a ƙofar kamfaninsa ba.

Adabi ma bai cike giɓin ba. Ɗalibin sakandare a Nijar yana iya karanta Germinal na Zola ya san ramin gawayin arewacin Faransa, ya karanta littafin Sembène Ousmane na 1960 ya san yajin aikin ma'aikatan jirgin Dakar na 1947 zuwa 1948. In ya juyo ga Hausa zai samu Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo a kan ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, zai samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan masu fasa-ƙwauri. Wato an rubuta mai shigowa birni, an rubuta mai shigo da kaya, amma mutumin da ke tsakaninsu, wanda jiniyar asuba ke tayarwa, da wuya a gamu da shi a matsayin jarumi. Littattafan soyayya da suka mamaye Kano a shekarun 1990, daidai lokacin da masana'antu ke rufewa, sun fi son ɗan mai kamfani da ma'aikacin kamfani.

Yanzu kuma ana ta maganar farfaɗo da Kano. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. A farkon 2023 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala. Majemun Challawa ba su daina fitar da fata zuwa Turai ba, ko da yake kogin da ke gefensu ne ke biyan wani kaso na farashin. Kamfanonin roba da injinan casar shinkafa suna aiki. A wannan fuska Kano ta bambanta da Lowel, domin ba ta gama zama garin masana'antu ba, kuma zai zama ganganci a yi mata zaman makoki tana numfashi. Amma farfaɗowar kanti ta riga ta nuna iyakarta: katafaren rukunin shagunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014 an yi ta nuna shi a matsayin shaidar sabon zamani, a farkon 2024 kuma Shoprite, wanda shi ne ginshiƙinsa, ya tattara ya fita. Wanda zai ari wani abu daga Amurka, gara ya ari ɗakin injinan Lowel da tsohon ma'aikacin da ke jagora a Keri, ya bar musu bututun da aka tsayar a bakin kanti.

Ba sai an jira hukuma ba kafin a gyara jerin, kuma nan ne aikin malamai da ƙungiyoyi yake. Yinin zai iya farawa a Dala kamar kullum, sai dai a sa ɗalibai su juya gabas su nemi layin dogo. A Ƙofar Mata a tambayi marini daga ina farin yadin da yake tsomawa ya fito, domin amsar kaɗai darasi ce. A tsaya a tsohuwar tashar jirgi, a wuce filin da dalar gyaɗa ta taɓa tsayawa a wajen Ƙofar Mazugal. Da azahar a shiga Bompai, a bi titunanta a hankali, a ƙirga ƙofofin da ke buɗe da waɗanda aka mayar sito. Mafi muhimmanci, a nemi mutum ɗaya da ya yi aiki a ciki, a ba shi kujera da sa'a guda, a naɗi muryarsa. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a lokacin yajin Adebo ya haura saba'in yanzu, injinan da ya sani kuwa da yawa ƴan gwangwan sun auna su a sikeli. Irinsa suna nan a Kano da Kakuri, suna nan a Maraɗi da Yamai, wasu ma sun koma ƙauyukansu na Dandi da Arewa suna noma. Da la'asar a ƙarasa Kantin Kwari, a sa kowane ɗalibi ya ɗauki turmin atamfa ya karanta abin da aka buga a gefensa, sa'an nan ya tambayi mai shago ta wace hanya ta iso.